Manyan motocin a-kori-kura na Amurka: tambayoyi da amsoshi kan inji da jan tirela

Waɗannan su ne tambayoyin da masu shirin sayen babbar a-kori-kura suka fi yi, musamman yanzu da kamfanoni ke ta sauya injuna. Alƙaluman na ƙirar shekarun 2024 zuwa 2026 ne. A Amurka da laba ake auna nauyi, amma a nan an mayar da yawancinsu kilo.

1. Waɗanne motoci ake nufi da manyan a-kori-kura?

Guda biyar ne suka rage a kasuwa: Ford F-150, Chevrolet Silverado 1500, 'yar'uwarta GMC Sierra 1500, Ram 1500, sai Toyota Tundra. Nissan ta daina ƙera Titan a 2024. Silverado da Sierra duk na kamfanin GM ne, injinsu ɗaya, ado da farashi ne suka bambanta.

Wanda ya saba da Hilux kada ya ɗauka ajinsu ɗaya. Hilux iyakarta jan tirela, wato amalanken da ake maƙala wa mota a baya, mai kilo 3,500, waɗannan kuwa wasunsu na haura 6,000. Tun 1964 Amurka ke karɓar harajin kashi 25 cikin ɗari a kan irin waɗannan motoci idan daga ƙetare aka shigo da su, kuma yana cikin dalilan da suka sa Toyota ke ƙera Tundra a San Antonio ta jihar Texas.

2. Waɗanne injuna ake zaɓa a cikinsu yanzu?

Ford ta fi kowa yawan zaɓi. Akwai EcoBoost mai lita 2.7 da silinda shida, mai ƙarfin doki 325. Akwai V8, wato inji mai silinda takwas, mai lita 5.0 da doki 400. Akwai babban EcoBoost mai lita 3.5, shi ma doki 400 a ƙirar 2024 amma ya fi V8 ɗin ƙarfin murɗa, wato ƙarfin da inji ke juya taya da shi, nesa ba kusa ba. Sannan PowerBoost mai haɗa fetur da lantarki, doki 430 a ƙirar 2024. Dukansu giya goma ce mai canza kanta.

GM na da huɗu: TurboMax mai lita 2.7 da silinda huɗu kacal, doki 310. V8 mai lita 5.3, doki 355; V8 mai lita 6.2, doki 420. Da Duramax na dizal mai lita 3.0, doki 305. Ram na da Pentastar mai lita 3.6 a ƙasa, sai Hurricane mai lita 3.0 da silinda shida a jere da turbo (na'urar cusa wa inji iska) biyu, wanda ke zuwa iri biyu, na doki 420 da na 540, sai kuma Hemi V8 mai lita 5.7 da ya tafi ya dawo. Labarinsa na tambaya ta 3.

Toyota ba ta wahalar da kanta ba. Inji ɗaya ne, V6 mai lita 3.4 da turbo biyu. Shi kaɗai yana ba da doki 389 a yawancin motocin, idan an haɗa masa injin lantarki, wato i-FORCE MAX, ya kai 437.

3. An ce V8 ya kusa ƙarewa. Gaskiya ne?

An faɗa, kuma akwai lokacin da maganar ta yi kama da gaskiya. Toyota ta ajiye V8 ɗinta mai lita 5.7 a ƙirar 2022. Ram ta cire Hemi a ƙirar 2025 ta sa Hurricane a madadinsa, wanda a takarda ya fi shi ƙarfi: doki 420 a kan 395, ƙarfin murɗa 636 a kan 556 a ma'aunin Nm. Amma masu saye suka ƙi. A watan Yunin 2025 shugaban Ram, Tim Kuniskis, ya fito fili ya amsa cewa kamfanin ya yi kuskure, aka sanar da dawowar Hemi a ƙirar 2026.

GM kuwa dama ba ta saki ba. A farkon 2023 ta ware dala miliyan 854 don sabon V8, ƙarni na shida na injin da take ƙerawa tun 1955, sannan a Mayun 2025 ta ƙara dala miliyan 888 ga masana'antarta ta Tonawanda a jihar New York, inda aka tsara fara ƙera shi a 2027. Kamfani ba ya zuba irin wannan kuɗi a abin da yake shirin binnewa. Sai dai a faɗi gaskiya, abin da ya dawo da Hemi ba ƙarfin ja ba ne. Ƙarar salansa ce, da sabo, da yardar da mutane suka yi wa inji marar turbo.

4. Ƙarfin doki ko ƙarfin murɗa, wanne ya fi muhimmanci ga mai jan kaya?

Ƙarfin murɗa shi ke tayar da lodi daga tsaye, ƙarfin doki shi ke riƙe gudu a kan dogon hawa. Mai ja yana buƙatar duka biyun, amma abin lura shi ne a wane juyin inji ƙarfin ke zuwa. EcoBoost mai lita 3.5 na ba da 678 Nm tun injin bai ɗaga murya ba, V8 na Ford kuwa sai ya yi ihu sama da juyi 4,000 a minti kafin ya kai 556 nasa. Duka za su hau tudun, amma ɗaya zai riƙa sauke giya yana kururuwa, ɗayan yana tafiya shiru.

Akwai kuma batun tsaunuka. Inji marar turbo na rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000 ta hawa, saboda iska na yin shara-shara. A Denver, da ke kan ƙafa 5,280, asarar ba ƙarama ba ce. Turbo na cusa iska da ƙarfi, don haka asararsa kaɗan ce.

5. Wacce ce ta fi jan nauyi?

A talla: F-150 mai EcoBoost 3.5 na jan laba 13,500, kimanin kilo 6,120. Silverado na biye da kilo 6,030, Tundra 5,440, Ram ta 2025 mai Hurricane kusan 5,250.

Kowace lamba a nan ta mota ɗaya tak ce a cikin haɗe-haɗe masu yawa: inji kaza, gida kaza, tsawon bodi kaza, giyar aksil kaza (duba amsa ta 9), da kayan ja na musamman, kuma sau da yawa mai jan tayoyin baya kaɗai. Wadda ke ajiye a gaban dillali, mai ƙofa huɗu da kujerun fata da rufin gilashi, kusan kullum lambarta ta yi ƙasa da haka. Har ma injin da ya fi ƙarfi ba lallai ya fi ja ba: Hurricane mai doki 540 yana jan ƙasa da abin da mai 420 ke ja. Kafin ka yanke hukunci da wannan jeri, karanta amsa ta 7.

6. Wa ke tabbatar da waɗannan lambobi? Ko kamfani ne ke faɗin abin da ya ga dama?

Da haka ake yi, kowa da ma'auninsa. Yanzu akwai ƙa'idar SAE J2807 ta ƙungiyar injiniyoyin motoci, wadda Toyota ta fara bi a ƙirar 2011, sauran suka biyo baya wajen 2015. Gwajin da ya fi suna a cikinta shi ne hawan Davis Dam a jihar Arizona: mil 11.4 na tudu, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya mota a ƙure, kuma ba a yarda inji ya yi zafi ko wata fitilar gargaɗi ta kama ba. Ana kuma gwada tashi daga tsaye a kan hawa, da birki, da yadda tirela ke lilo.

Gwaji ne na ƙwarai, amma ga inda gizo ke saƙa: ƙa'idar ta ƙaddara mutum biyu ne a motar, kowanne kilo 68, ba kaya a bodi. Iyalin da ke tafiya hutu ba haka suke ba.

7. To nawa ne ainihin abin da motata za ta iya ja?

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin. Akwai takarda mai ruwan ɗorawa da fari da aka manna, wadda ta faɗi iska nawa tayoyi ke so, ta kuma ce jimillar nauyin mutane da kaya kada ya wuce kaza. Wannan lamba ta motarka ce ita kaɗai, an fitar da ita bayan an lissafa duk abin da aka ɗora mata a masana'anta. A kusan duk a-kori-kurar wannan aji, ita ce ke fara cika, tun ba a je ko kusa da lambar talla ba. Dalili kuwa, wani kaso na nauyin tirela a kan ƙugiyar motar yake sauka, kuma wannan kaso lodi ne kamar kowane buhu da ka jefa a bodi.

Ga misali. A ce takardar ta ce kilo 725, wanda ba baƙon abu ba ne a mota mai ƙofa huɗu mai jan ƙafa huɗu. Mutum huɗu sun cinye 300. Jakunkuna, akwatin ƙanƙara da kayan aiki sun ci 75. Ƙarfen ƙugiyar da sandunanta 40. Saura 310. Idan kashi 12 cikin ɗari na nauyin tirela ne ke sauka a ƙugiya, to tirelar da za ka ja ba ta wuce kilo 2,580 ba, da lodinta da ruwanta da komai. Motar da aka tallata da 6,000 ke nan, ba ta kai rabi ba. Injin bai ko yi gumi ba, amma sifirin da tayoyin baya da birki sun kai iyakarsu.

Akwai wasu lambobi biyu. GVWR shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke kanta, yana jikin ƙofar. GCWR shi ne iyakar mota da tirela a haɗe, yana cikin littafin ja na kamfanin. GM ta kyauta, tana manna wata takarda daban a ƙofa mai ɗauke da lambobin ja na wannan motar. Duk lambar da ta fara cika, nan ne iyakarka. Hanyar cire shakka ita ce ka hau sikelin manyan motoci a tashar mai ta kan babbar hanya da cikakken lodinka, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

8. Me ke sa tirela lilo, kuma yaya ake hana shi?

Rashin nauyi a gaba. Ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a ƙugiya. Duk wanda ya taɓa loda amalanke ya san haka: kaya suka yi baya, gaban ya ɗaga, suka yi gaba da yawa, wuyan shanu ya sha wahala. A kan titi, tirelar da nauyinta ya taru a baya takan fara kaɗa wutsiya da zarar babbar mota ta wuce ta ko iska ta bugo daga gefe, kuma gudu ƙara abin yake yi. Idan nauyin ya yi yawa a ƙugiya kuma, bayan mota ya durƙusa, tayoyin gaba su yi sakayau, sitiyari da birki su rage kamu.

Maganin na biyun shi ne ƙugiya mai raba nauyi, mai sandunan ƙarfe biyu da ke mayar da wani kaso zuwa tayoyin gaba da na tirela. A F-150, Ford ta daɗe tana cewa a yi amfani da ita idan tirela ta haura kilo 2,270. Idan lilo ya fara, kada ka taka birkin mota da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari. Ɗaga ƙafa daga totur, ka matse maɓallin birkin tirela da hannu.

9. Mene ne kunshin kayan ja, kuma ya cancanci kuɗinsa?

Ya cancanta, kuma a saye shi tun daga masana'anta ya fi a haɗa daga baya. Yawanci ya ƙunshi ƙugiya mai ƙarfi, soket mai baki bakwai na fitilu da birkin tirela, na'urar sarrafa wannan birki a gaban direba, ƙarin sanyaya inji da giyabos, da giyar aksil mai ja. Wannan ta ƙarshe ita ce lambar da za ka gani kamar 3.31, 3.55 ko 3.73 a Ford, ko 3.21 da 3.92 a Ram. Ma'anarta sau nawa sandar da ke kai ƙarfi baya ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya. Babbar lamba na ƙara ja, tana ɗan ƙara shan mai. Motoci biyu masu inji ɗaya na iya bambanta da fiye da tan guda saboda ita kaɗai.

Sauran kayan zamani taimako ne, ba ƙari a kan lambar ja ba. Ford na da maɓallin da ake murɗawa mota ta juya sitiyari da kanta a lokacin ribas da tirela, da sikelin cikin mota mai ƙiyasta lodi. GM na da kyamarar da ke nuna bayan tirela tamkar babu ita. A ganina babban tankin mai ya fi su duka amfani: na F-150 mai galan 36, kimanin lita 136, na rage tsayawa sosai, tunda ja na iya ninka shan mai.

10. Dizal fa? Ba shi ne sarkin ja ba?

A wannan aji GM kaɗai ta rage da shi. Ford ta janye nata bayan 2021, Ram ta daina EcoDiesel a farkon 2023. Duramax mai lita 3.0 na ba da 671 Nm, yana kaiwa kilo 6,030 da ke saman jerin Silverado, kuma a doguwar tafiya da tirela ba wanda ya kai shi tsimin mai.

Amma yana da sharuɗɗa. Yana shan ruwan DEF da ke tsabtace hayaƙi, wanda ke saurin ƙarewa idan ana ja. Yana da matatar toka a salansa wadda sai ta yi zafi a doguwar hanya take ƙone abin da ta tara. Wanda zirga-zirgarsa 'yar gajeriya ce a cikin gari zai riƙa ganin fitilar gargaɗi. Duba kuma amsa ta 15 idan za a fitar da motar daga Amurka.

11. Masu haɗa fetur da lantarki sun fi ja?

Sun fi ƙarfin murɗa: PowerBoost 773 Nm, i-FORCE MAX 790. Amma lambar jansu ta gaza ta 'yan'uwansu marasa batir, domin batir da injin lantarki nauyi ne da ke cin kason lodi, kamar yadda aka bayyana a amsa ta 7. Batirin ma ƙarami ne, bai kai kilowat-awa biyu ba, don haka a dogon hawa fetur ne ke yin aikin. Inda PowerBoost ta yi zarra shi ne soket ɗin bodinta mai ba da wuta har kilowat 7.2, wadda ta isa injin walda ko kayan kafinta a wurin da babu wuta. A sanyin Texas na Fabrairun 2021 mutane sun haska gidajensu da ita.

12. Masu lantarki zalla fa, kuma me ke tafe?

Ƙarfi ba matsalarsu ba ce. F-150 Lightning, da ta fito a 2022, an ba ta kilo 4,540, kuma tana tashi da tirela kamar ba komai a bayanta. Matsalar nisa ce: babbar tirela na iya cinye rabin tafiyar batir, wuraren caji da yawa kuma an gina su ne yadda sai ka kwance tirela kafin ka shiga.

Shi ya sa kamfanoni suka karkata ga wata dabara. Tayoyi lantarki ne ke juya su, amma akwai injin fetur da ba shi da alaƙa da taya, aikinsa kawai janareta. A Satumbar 2025 Stellantis, kamfanin da ya mallaki Ram, ta soke shirin Ram mai batir zalla, ta ɗauki sunan Ram 1500 REV ta ba wadda a da ake kira Ramcharger, mai batir da Pentastar 3.6 a matsayin janareta. Burin da kamfanin ya sanar shi ne tafiyar mil 690 da jan kilo 6,350. A Disambar 2025 Ford ma ta sanar da dakatar da Lightning mai batir zalla, ta ce mai zuwa irin wannan tsari za ta bi, da tafiyar sama da mil 700. Waɗannan alkawuran kamfani ne, kuma na tafiya ba tirela ne. Motocin za su yi nauyi, saboda haka takardar ƙofarsu ce abin fara dubawa ranar da suka iso.

13. Wanne ya fi ƙarko, mai turbo ko V8?

Ba ɓangaren da ya tsira. A 2024 Toyota ta janye kimanin motoci 102,000, Tundra da Lexus LX na 2022 da 2023, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta, ta kuma ɗauki nauyin sauya injunan. A 2025 GM ta janye kusan 600,000 a Amurka masu V8 na lita 6.2, ƙirar 2021 zuwa 2024, saboda lahani a sassan cikin injin. Ɗaya mai turbo, ɗaya marar turbo, kuma duka biyun matsalar ƙira ce a masana'anta.

Abin da ke hannun mai mota shi ne baƙin mai a kan lokaci, da bin jadawalin aiki mai tsanani da ke cikin littafin mota idan ana yawan ja. Sabon inji kuma, kowane iri ne, gara a bar shi ya shekara a hannun wasu.

14. Yaushe ya kamata in haura zuwa F-250, Silverado 2500 ko Ram 2500?

Idan lissafin amsa ta 7 ya nuna kana bakin iyaka a kowace tafiya, ko tirelarka irin wadda ake maƙalawa a tsakiyar bodi ce, wadda ke sauke kashi 15 zuwa 25 na nauyinta a kan mota. A can dizal ke mulki: Power Stroke na Ford mai lita 6.7 na kaiwa 1,627 Nm, F-450 kuma na jan tan 18. Farashin haka shi ne tsada, tsalle a kan hanya idan ba lodi, da wahalar fakin. Mai jan kaya don kasuwanci a Amurka ya kuma sani cewa idan iyakar mota da tirela ta kai laba 26,001, tirelar kuma ta haura 10,000, sai da lasisin manyan motoci.

15. Idan za a kawo motar Najeriya ko Nijar, wane inji ya fi dacewa?

Na fetur, kuma wanda bakanike ya sani. Dizal ɗin Amurka an ƙera shi ne don mai wanda sinadarin sulfur ɗinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Mai da ya fi haka datti na toshe matatar toka ya lalata na'urorin hayaƙi, idan ruwan DEF ya ƙare kuma kwamfutar motar na rage mata gudu da gangan. Hurricane mai doki 540 na buƙatar fetur mai daraja ta sama, V8 na GM mai lita 6.2 ma shi aka fi so a ba shi. V8 na lita 5.0 da na 5.3 ba su da wannan tsirfa. A tuna kuma bodin F-150 tun 2015 na alminiyom ne, ba kowane mai gyaran bodi ke da kayan aikinsa ba. Kafin a biya kuɗi, a sa lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17 a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka, a ga ko akwai gyaran janyewa da ba a yi mata ba, domin bayan ta hau jirgin ruwa samun wannan gyara kyauta zai yi wuya.